Masu shirin hawa Chappal Waddi, ku fara da zaɓen wata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da samarin nan da suke haɗa ƙungiya suna hawan duwatsu. Abin yana burge ni, ya fi zaman majalisa nesa ba kusa ba. Ɗan ƙanena yana cikinsu, kuma yanzu sun sa Chappal Waddi a gaba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, can bakin iyakar Kamaru cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Da ƙuruciyata na yi aikin allurar shanu a ƙasar Mambila da Gashaka, da ƙafa muke bin rugage, shi ya sa da ya nuna mini takardar shirinsu na ce sai na tofa albarkacin bakina.

Takardar cike take da tanti da tocila da wani takalmi mai tsada da za su yi oda. Watan tafiya kuwa ba a rubuta ba, alhali shi ne gaba da komai. Damina a can ba irin ta Kano ba ce. Tun wajen Afrilu ruwa yake sauka, bai ɗaukewa sai Oktoba ko bayanta. Rafin da ka tsallaka da safe yana idon sawu, da la'asar ya kai ƙirji, kuma babu gada. Ciyawa tana shanye mutum har da hularsa, hanya ta ɓace. Daga Disamba zuwa Maris ne ƙafa take samun wurin taka. Ko a nan ma da sauran lissafi: in hazo ya yi kauri za ka sha wuya ka kai ƙololuwa ba ka ga komai ba, sannan a 'yan shekarun nan azumi cikin Fabrairu da Maris yake faɗowa. Sai a duba kalanda tun kafin a karɓi kuɗin kowa.

Takalmin nan kuma, don Allah kada a fara sa shi ranar tafiya. A yi ta yawo da shi a gari har ya saba da ƙafa. Mutanen yankin da takalmin roba suke hawa, su bar ka a baya kana haki.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaukar kaya. Tafiyar kwanaki ce, babu ɗan birnin da zai iya da buhunsa shi kaɗai a wannan hawa da gangara. A je ofishin gandun da ke Serti a karɓi izini da ma'aikacin da zai yi rakiya, sannan a yi ciniki da 'yan dako a fili tun a ƙauye: nawa a rana, wa zai ciyar da su, har da kwanakin komowa. A tanadar musu bargo. A ƙasa zafi ne da ƙudan tsando, amma a sama sanyin dare yana ratsa ƙashi, kuma na sha ganin baƙo cikin tanti, wanda ya ɗauko masa tantin yana kwance a bakin wuta da riga ɗaya.

Guzuri ba ya son fankama. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, ganyen shayi da sukari sun isa. In an dace da ruga za a samu kindirmo, sai a riƙe canji, don babu sabis balle a ce za a tura kuɗi ta waya. Ruwan rafi a tafasa. Katin ɗan ƙasa ya zauna a aljihu tunda iyaka ce.

Ina roƙon jaridarku ta tura wakili Serti ya jiyo kuɗin shiga da hanyoyin da ake bi a yanzu, ku buga mana da Hausa kafin rani.

Wassalam,
Tsohon malamin dabbobi, Jalingo