Godiya Ga Ikilisiyar Da Ta Tallafe Ni Bayan Gobarar Adum

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in sauke wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, ni kuwa ba ni da wani tukwici sai wannan takarda.

Ni Bahaushe ne, Kirista, haihuwar Wusasa ta Zariya. Shekarata 14 a Kumasi ta ƙasar Gana, ina haya a unguwar Aboabo, ina sayar da gwanjo a Adum, unguwar kasuwanci a tsakiyar gari. Wanda ya san zango ya san zaman mutum irina. Maƙwabta kan ji Hausata su ɗauka tare za mu masallaci, a coci kuma a ga shigata a ɗauka baƙo ne ya leƙo. Na yi shekaru ina zuwa wata ƙaramar ikilisiyar Methodist, kujerar baya ce wurina, ana sa albarka in sulale, domin yarensu na ciniki kawai na iya.

Ranar Juma'a 21 ga Maris 2025 da sassafe wuta ta tashi a kasuwar Blue Light da ke Adum. Kafin in iso, rumfata ta zama toka, har da dila uku da ban kwance ba, rabin kuɗinsu kuma bashi ne. Lahadin nan ban je sujada ba. Ina ɗaki kwance, ko ƙofa ba na son buɗewa.

Ran Talata da la'asar matata ta ce ina da baƙi. Shugaban ajinmu ne, don a Methodist kowa yana da ɗan rukunin da ake lura da shi a ciki, tare da mata uku. A ƙa'idar Asante, mutanen Kumasi, mai gida ne ke ba baƙo kujera da ruwa, sannan ya tambaye shi abin da ke tafe da shi. Su ne suka jira har na nutsu na yi hakan, ba wanda ya gaggauta ni. Sun sauke doya da ayabar dafawa da manja da rabin buhun shinkafa. Da yake watan Ramalana ne, mu ma muna cikin azumin da ke gaban Ista, sai ga shi ba su kawo dafaffe ko ɗaya ba. Shugaban ya ce sun san gidan Musulmi ne, ba za su shigo da ƙamshin miya mutane na azumi ba. Mai gidanmu, Alhaji, yana zaune a zaure ya ji wannan, ya kaɗa kai ya ce waɗannan sun san mutunci. Shi ma tun daren gobarar bai fasa aiko mana da koko da ƙosai na buɗa-baki ba.

Abin da ba ya fita raina shi ne na wata tsohuwa a cikinsu, Maame muke ce mata, mai tallar barkono da tumatir a kasuwar Kejetia. Da za su tafi ta tsaya baya, ta kwance ƙullin bakin zaninta, ta fito da takardun sidi biyar-biyar da goma-goma, duk sun yi laushi don shan hannu. Ta danƙa mini, ta rufe yatsuna a kai da hannunta biyu. Na buɗe baki in ƙi, ta ce da 'yar Hausarta ta kasuwa, "Ɗana, karɓi, ba bashi." Daga baya na ƙirga, sidi 85 ne. Na san ribar kwana nawa ke nan a faifan barkono.

Akwai baikon da ake yi a cocin Gana mai suna Kofi ne Ama, ana kiran ranakun mako, kowa ya fito da rawa idan an kira ranar da aka haife shi ya jefa abin da ya samu. Ni haihuwar Juma'a ne, Ɗanjuma a gida, Kofi a nan. Lahadin da na koma, Fasto ya sanar cewa baikon ranar na mu huɗu ne da wuta ta shafa, bai kuwa sa mu miƙe tsaye a kalle mu ba. A ganina wannan rufin asiri ya fi kuɗin daraja, domin na ga wuraren da sai an ɗauki hoton talaka kafin a ba shi mudun gari. Da aka kira Juma'a, wani dattijo ya zo har kujerar baya ya kamo hannuna, muka fita tare, ina hawaye.

Da kuɗin nan na sayi dila ɗaya, wani ɗan'uwa ya ba ni gefen teburinsa ba haya har wata biyar. Bashin bai ƙare ba tukuna, amma yarana ba su daina makaranta ba.

Ga Fasto, da shugaban aji, da zumuntar mata, da Alhaji mai gidana, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Maame ba ta karatu, don haka idan an buga wasiƙar nan zan kai mata jaridar Kejetia in karanta mata da bakina.

Naka,
Wani ɗan gwanjo,
Aboabo, Kumasi