A Daina Raina Haɗa Manhaja da Tubala

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in tanka wa wasu malamai da iyaye da ke cewa koyon haɗa manhajar waya ta hanyar jera tubala a kwamfuta wasan yara ne. A ganina, ba su yi wa hanyar adalci ba.

Kowace manhaja, komai girmanta, tana da fuskar da mai waya ke gani yana taɓawa, da umarnin da ke aiki a duk lokacin da wani abu ya faru, da kuma wurin ajiye bayanai. A kan wannan tsari aka gina App Inventor, wani dandalin haɗa manhajar waya da tubala, wanda kamfanin Google ya fitar a shekarar 2010 kafin jami'ar MIT ta Amurka ta karɓi ragamarsa, kuma kyauta ake amfani da shi ta intanet. Dandalin yana da ɓangarori biyu: a na farko ɗalibi zai jawo maɓalli ko hoto ya ɗora a fuskar waya, a na biyu kuma ya jera tubala masu launi da ke cewa, alal misali, idan an danna maɓallin nan ko an girgiza wayar, to ta furta jimla kaza.

Tubali ba ya shiga gurbin da siffarsa ba ta dace da shi ba, don haka ɗalibi ya huta da wahalar waƙafi ko alamar baka da aka manta wajen rubuta umarni da hannu, wadda ke sa masu farawa da yawa su karaya. Amma tubalan ba sa yi masa tunani. Idan ya gindaya sharaɗi a baibai, ko ya sa umarni ya yi ta maimaituwa ba iyaka, manhajar za ta yi shirme a gabansa, domin ta hanyar MIT AI2 Companion, wata manhajar gwaji da ake sakawa a waya, yana ganin sakamakon kowane gyara a wayarsa nan take. Gano inda matsalar take shi ne ainihin aikin da ƙwararru ke yi a harsunan rubuta manhaja irin su Java ko Kotlin.

Gaskiya ne cewa idan manhaja ta girma tubalan kan cunkushe har su yi wuyar bi, kuma a nan ne ya dace a koma ga rubuta umarni da hannu. Roƙona ga malaman kwamfuta shi ne su bar ɗalibi ya fara haɗa ƙaramar manhajar lissafi ko ta tambaya da amsa, ya ga tana aiki a wayarsa, kafin a ɗora masa haddar ƙa'idoji.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku.