Ba kowace shawara ce ta jiƙo ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A zangonninmu na Kumasi, da idon mutum ya yi ɗorawa sai mu ce shawara ce, a nemo sassaƙe. Haka muka yi wa kawuna wata 3 yana ramewa, ashe ciwon daji ne a fankiriyas, wata tsoka da ke bayan tumbi, mai samar da insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini) da ruwan narkar da abinci. Idan ƙari ya toshe hanyar matsarmama, ido kan yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bahaya ya yi fari-fari. Wani kuma ciwon baya ne, ko ciwon sukari ya bayyana masa kwatsam bayan ya manyanta.

Da hoton CT (na'ura mai ɗaukar hoton cikin jiki) da gwajin jini ake bincikawa, sannan a ɗebi ɗan nama a duba. In an gano da wuri akwai tiyata, wadda ake kira Whipple. In ya bazu, sai kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin cutar daji, da rage raɗaɗi. Asibitin Komfo Anokye na da sashen masu cutar daji, ga shi kusa da mu.

Don Allah a ba likitoci fili su yi bayani da Hausa, limamai su ma su taɓo batun ranar Juma'a. Masu shan taba su fi kowa kula, domin shan taba na ƙara haɗarin kamuwa da wannan ciwo.

Naku,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi