Wasiƙa Zuwa Ga Aminina a Ingila Kan Madubin Saitin Bindiga

Daga ƙauyenmu, kusa da Gumel,
Jihar Jigawa.

Aminina Likita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara, da fama da aiki. Mu nan sai godiya. Gero ya shiga rumbu, riɗi ya shiga buhu, zoɓo ne ya rage a gona. Hunturu kuma ya fara leƙowa, da asuba sai da mayafi.

Saƙonka ya iso, na kuma ga hotunan maduban nan uku da ka turo ta wayar babban ɗana. Na yi murna ƙwarai da jin cewa takardar izininka ta fito daga hannun 'yan sanda, kuma kulob ɗinku a filin gasar harbi na Bisley yake harbi. Tun muna Jaji muke jin labarin filin nan. Tun 1890 ake gasa a cikinsa, kuma akwai ɓangaren da ake harbi har yadi 1,200. Allah bai nufa na taka shi ba, ga shi ya kai ka. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake.

Na lura idonka ya tsaya kan wanda aka rubuta wa 10-50x60. Don Allah ka dakata. Lambobin farko suna nufin yana kusanto da abu daga sau 10 zuwa sau 50, ta ƙarshen kuma faɗin gilashin gaba ce a milimita. Ka raba 60 da 50, za ka samu 1.2. Wannan shi ne faɗin hasken da ke fitowa zuwa idonka, milimita ɗaya da ɗoriya. Da ka ɗan gusa kai sai hoton ya yi baƙi, ga shi garinku rana ba ta cika zama ba. Kuma duk abin da madubi ya kusanto, ya kusanto har da rawar hannunka da bugun zuciyarka. Na san 'yan gasar harbin nesa da ake kira F-Class suna amfani da irin waɗannan manya, amma su bindigarsu a kan matokari mai nauyi take gaba da baya, kuma sun daɗe a harkar. Kai da za ka fara, 5-25x56 ɗin nan na hoto na biyu ya ishe ka har yadi 1,000, kuma za ka ga yawancin harbinka tsakanin sau 15 da sau 20 za ka riƙa yin sa.

Abin da nake so ka kashe kuɗinka a kai shi ne gaskiyar mamurɗan madubin, wato na sama mai ɗaga saiti da na gefen dama mai karkata shi. Ga dalili. Ka ce .308 Winchester ka saya, ɗan'uwan 7.62 ɗin da muka riƙe a soja. Idan ka saita ta a yadi 100, kafin harsashi ya kai yadi 300 ya sauka fiye da ƙafa ɗaya. A yadi 600 ya sauka wajen ƙafa takwas. A yadi 1,000 kuwa, saukar ta haura ƙafa 30, tsayin doguwar bishiya ke nan, kuma harsashin ya shafe fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi a iska. Ka ga ashe harbin nesa lissafi ne: kana murɗa abin sama kana ƙirga ƙas-ƙas ɗinsa, kana dogara da cewa kowane ƙas ya motsa saitin daidai yadda aka rubuta. Madubin da mamurɗinsa ke ƙarya kamar mudun da ke canza girma ne tsakanin safe da yamma. Ko ka iya awo, ba za ka taɓa sanin abin da ka auna ba. Za ka yi ta zargin hannunka da harsashinka, alhali laifin yana cikin bututun madubin.

Tunda filinku da yadi ake aunawa, ka ɗauki mai ma'aunin MOA. MOA ɗaya ya ɗan ɗara inci ɗaya a yadi 100, kimanin inci 6 ne a yadi 600, kimanin inci 10 a yadi 1,000. Yawancin madubai ƙas huɗu ne ke ba da MOA ɗaya. Ɗaya ma'aunin, MRAD, shi ya fi daɗi ga mai aiki da mita, don ƙas ɗaya santimita ɗaya ne a mita 100. Babu wanda ya fi wani kyau. Ka tambayi waɗanda za ka riƙa kwanciya kusa da su a layi, wanda suke amfani da shi ka bi, don in wani ya ce maka ka ƙara biyu hagu, ku fahimci juna nan take. Sai dai ka tabbata zanen da ke cikin gilashin, wato gicciyen da ake auna allo da shi, da rubutun da ke kan mamurɗi ma'auni ɗaya ne. Akwai maduban da aka haɗa musu biyun, ciki MRAD waje MOA. Kada ka karɓa ko a kyauta.

Ka kuma duba iyakar ɗagawarsa. Harsashinka zai nemi MOA 35 zuwa 40 kafin ya isa yadi 1,000. Madubin da aka ce yana da 60 gaba ɗaya, kusan rabi ne kawai zai rage maka na ɗagawa bayan ka yi saitin farko, ka ga bai kai ba. Maganinsa biyu ne: ka sayi mai kaurin jiki, milimita 30 ko 34, sannan ka ɗora shi a kan gadon ƙarfe mai gangara, wanda ake kira na MOA 20. Mutane da yawa suna zaton kaurin jiki haske yake ƙarawa. A'a, sarari yake ba kayan ciki su motsa. Haske daga ingancin gilashi da shafen da aka yi masa yake zuwa, kuma a nan ne kamfanoni irin su Zeiss da Schmidt & Bender na Jamus, da Swarovski na Ostiriya, da Leupold da Nightforce na Amurka suka yi suna. Ba lallai ka sayi mafi tsada ba, amma araha ba ta ado, kuma jabun waɗannan sunaye sun cika intanet. Ka je shago, ka riƙe da hannunka, ka leƙa da yamma lokacin da haske ya ragu. Ka tabbata kuma an cika shi da iskar naitirojin an toshe, don damshin ƙasarku yana sa gilashi ya yi gumi ta ciki.

Batun FFP da SFP da ka tambaya, wato nau'i biyu na yadda ake sa zanen cikin madubi, ba zai ɗauke mu lokaci ba. A na farko zanen ciki yana girma tare da hoto, don haka ma'auninsa daidai yake a kowane ƙarfi. A na biyu zanen ba ya canzawa, siriri ne kullum, amma ma'auninsa a ƙarfi ɗaya kawai yake gaskiya. Mai harbin allo a nisan da aka riga aka sani, yana murɗa saiti, na biyun ya wadatar da shi.

To, in ya zo hannu. Wajen ɗaurawa ka kwanta yadda za ka yi harbi, ka kai madubin ƙarfinsa na ƙarshe, ka ja shi gaba da baya har hoton ya cika ba tare da ka miƙa wuya ba. Ya kamata ya bar inci 3 zuwa 4 tsakaninsa da idonka. Na sha ganin gira a fashe saboda shurin bindiga, kai da kake ɗinke mutane ba sai na yi maka bayani ba. Ka rataya igiya mai nauyi a ƙasa, ka daidaita layin tsaye da ita, don madubin da ya karkace yana kai harsashi gefe, kuma gocewar tana ƙaruwa da nisa. Kusoshin zobba kuma kada ka ɗaure su da ƙarfin tuwo. Ka bi ƙa'idar da ke takardar kamfani, don matsi yana lanƙwasa jikin madubin. Daga nan ka kalli sararin sama, nesa da rana, ka murɗa zoben da ke kusa da ido har zanen ya fito tangaran. Kallo ɗaya za ka riƙa yi ka ɗauke ido, don in ka ƙura, idon zai gyara wa kansa ya ruɗe ka. Ka yi wannan da tabaron da za ka yi harbi da shi.

Mamurɗin gefen hagu shi mutane suka fi rainawa, suna ɗauka don hoto ya yi kyau ne kawai. Ka ajiye bindiga a kan buhun yashi, ka auna tsakiyar allo, ka ɗan kaɗa kanka ba tare da ka taɓa ta ba. In ka ga gicciyen yana yawo a kan allon, to hoton da zanen ba su haɗu wuri ɗaya ba, kuma duk inda ka aza kumatunka harsashi can zai bi. Ka murɗa har gicciyen ya tsaya cik. Duk lokacin da nisa ya canza sai ka sake, kuma idonka za ka gaskata, ba lambobin da aka rubuta a jikinsa ba.

Saitin farko kuwa, ka zare sakatar bindigar, ka leƙa ta cikin bututu har ka hango allo a tsakiya, ka kawo gicciye wurin. Ka harba biyar a yadi 100, ka gyara daga tsakiyar taronsu. Kada ka bi harsashi ɗaya da gyara. In ya zauna, ga gwajin da nake roƙon ka yi kafin wa'adin mayar da kaya ya wuce: ka kafa dogon kwali, ka sa ɗigo a ƙasansa, ka harba uku. Ka ɗaga MOA 20, ka sake auna ɗigon nan ka harba uku. Tazarar ta zama inci 21 ba kaɗan, a miƙe sak. Ka dawo sifili, harsashi ya koma inda ya fara. In bai yi haka ba, ka mayar musu da abinsu.

Saura iska, ita kuwa babu madubin da zai karanta maka ita. Iskar da ke gudun mil 10 a awa, in ta gitta, tana ture harsashinka wajen ƙafa takwas a yadi 1,000. Ka tuna kawalwalniyar da muke gani a kan hanyar Maigatari da bazara? Ita ce babbar mai ba da labari. Ta cikin madubi za ka gan ta tana tafasa a miƙe in iska ta lafa, ta karkata in ta taso, ta kwanta tana gudu in ta yi ƙarfi. Ranar da ta yi yawa har allo yana rawa, ka rage ƙarfin madubin, ka ga wani dalilin da ya sa na hana ka sau 50. Ka sami ƙaramin littafi, duk fita ka rubuta nisa, da abin da ka murɗa, da yanayin gari, da irin harsashin, da inda ya sauka. Lambobin da na ba ka kusa-kusa ne, naka na gaskiya bindigarka ce za ta faɗa maka.

Abu biyu kuma da ba na wasa da su. Kada ka taɓa leƙa mutum ko wani abu da madubin da ke kan bindiga don kawai ka gani. Inda ido ya je, bakin bindiga ya je. Ka sayi abin hangen nesa daban. Na biyu, in za ka zo gida ka bar kayanka can. Dokar bindigogi ta 1959 tana nan: ko bindigar iska sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta toka ma da maharbanmu ke bin zabi da ita sai da izini, balle irin taka.

In ka yi gwajin kwalin nan ka ɗauki hotonsa da ma'auni a jiki ka turo mini, ina so in gani da idona. Zan sa a ajiye maka zoɓo da riɗi na bana, in an sami mai tahowa. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka shafa kan yara. Mutanen gida duk suna gaisuwa, liman ma ya ce a isar maka da tasa.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka, tsohon soja.