Ƙorafi kan sauya sunayen maɓallai a sabuwar fitowar manhajarku

Zuwa ga shugaban sashen gina manhaja,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in nuna rashin jin daɗina kan yadda kuka sauya sunayen maɓallai a sabuwar fitowar manhajarku ta rubutu, kuka kuma kashe tsofaffin sunayen a lokaci guda.

Da wannan manhaja nake shirya rubutun Hausa domin bugawa, kuma tun da daɗewa na tsara fayil ɗin saituna yadda in na haɗa maɓallin AltGr (wato Alt na hannun dama) da b, d, k ko y zan samu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Da kuka mayar da AltGr ya koma RightAlt, sai manhajar ta riƙa tsallake layukan fayil ɗin masu ɗauke da tsohon sunan shiru, ba gargaɗi, ba saƙon kuskure. Mutum ya danna, ko dai kada komai ya fito, ko wata baƙuwar alama ta faɗo tsakiyar kalma. Wannan shirun shi ya fi ci mini rai, domin wanda bai saba da fayil ɗin saituna ba zai ɗauka allon maɓallansa ne ya lalace, har ya kai kwamfutar wurin mai gyara ya yi asarar kuɗi a banza.

Ban ƙi gyaran suna ba, amma ai waɗanda suka riga ku sun nuna hanya. A tsarin X Window, mai nuna tagogi a allon kwamfutocin Unix da Linux, da aka kawo sunayen Page_Up da Page_Down, an ba su lamba ɗaya da tsofaffin sunayen maɓallan, wato Prior da Next, kuma har yau duka huɗun suna aiki. Manhajar rubutu ta Vim, wadda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, tana karɓar CR da Return da Enter a matsayin maɓalli ɗaya. Abin da ake bukata bai wuce ɗan jadawali mai haɗa tsohon suna da sabo ba.

Saboda haka ina roƙon ku mayar da tsofaffin sunayen a gyara na gaba, manhajar ta riƙa faɗin lambar layi da sabon sunan duk lokacin da ta ci karo da tsoho. In har ya zama dole a cire su wata rana, a bari sai babbar fitowa, bayan an sanar da jama'a tun da wuri tare da cikakken jerin abin da ya sauya.

Ina sauraron amsarku a rubuce.

Naku,
Mai amfani da manhajarku