Wasiƙa daga Ƙofar Ƙaura: ranar da ƙ ta ɓace mana

Ƙofar Ƙaura,
Katsina.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan hunturu ya kankama, da safe hazo kan rufe gari har hasumiyar Gobarau sai ka matso kake ganin ta. Hajiya na nan lafiya, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka leƙo gida.

Ka yi haƙuri da shirun da na yi. Aikin nan ne da na taɓa ba ka labari ya riƙe ni, na dattawan malaman da suka ajiye aiki suka zauna tattara karin magana da tarihin unguwanni da ƙofofin gari. Na zuba rubutun duka a XML, wato tsarin da ake sa wa kowane sashen rubutu alamar da ke nuna ko mene ne shi, kowace karin magana da alamarta, fassararta da tata, don daga tushe ɗaya in riƙa fitar da shafukan intanet da kuma rubutu zalla da za a kai maɗaba'a. XSLT, harshen rubuta dokokin juya XML zuwa wata siga, ke yi min juyin. Tun 1999 hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da shi, shekara guda bayan XML, kuma har yau yana biyan buƙata.

Juyin kansa bai wahalar da ni ba. Abin da ya fito ne ya hana ni barci. Ranar da na kai wa dattawan su duba, muna buɗe shafin farko sai ga "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗan" ya koma "É—an". Ɗaya daga cikinsu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da Hausa, ya cire tabarau ya yi shiru. Wani matashi da ke taya mu ya ce ai da sauƙi, a sauke lanƙwasar a rubuta k da d da b, kowa zai gane. Wallahi maganar ta sosa min rai. Kafa daban, ƙafa daban. Bari daban, ɓari daban. Mutanen nan sun yi shekaru suna tsintar maganar kakanni, ba zan mayar musu da ita gurguwa ba don na'ura ta yi gardama.

Kwana uku ina bin sawu. Tushen lafiya lau yake, dokokin juyin ma haka. Ashe ɓarnar tana cikin wata 'yar manhaja da na rubuta da hannuna, mai buɗe kowane shafi bayan an gama shi ta liƙa masa sunayen masu aikin a ƙasa. Kwamfuta na adana haruffa ne a matsayin lambobi da ake kira bayit. A tsarin haruffa na UTF-8, wanda shafukan ke kai, ƙ bayit biyu ce. Ita kuwa manhajar tawa da tsarin Windows-1252 take karantawa, inda kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. Sai ta ɗauki ƙ ɗaya a matsayin Æ da ™, ta sake adana su a haka.

A nan na fahimci abin da na daɗe ina karantawa bai zauna min ba. Abin da XSLT ke haifarwa ba rubutu ba ne tukuna, bishiya ce mai rassa da ke zaune a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Sai a matakin ƙarshe ake shimfiɗa ta ta zama haruffa a fayil, kuma umarnin xsl:output ne ke jan ragamar matakin. Ka ce masa html, ya rubuta alamar sabon layi yadda burauza ta saba, ya kuma sa sanarwar tsarin haruffa a kan shafin da kansa. Ka ce xml, ya rufe kowace alama. Ka ce text, ya zubar da alamun ya bar magana tsurarta. In ka ba shi tsarin da babu haruffanmu a ciki, kamar ISO-8859-1, a shafin intanet zai rubuta ƙ da lambarta, 409, burauza ta mayar da ita daidai. A rubutu zalla kuwa babu wannan mafita, shi ya sa fayil ɗin maɗaba'a na kafe shi a UTF-8.

Gyaran bai fi na awa ɗaya ba. Na goge 'yar manhajar, na mayar da sunayen cikin dokokin juyin, na bar Saxon, injin da ke gudanar da juyin, ya rubuta fayil kai tsaye ba tare da hannuna ya shiga tsakani ba. Da yake XSLT 2.0 na 2007 ya zo da xsl:result-document, yanzu kowace ƙofa da shafinta: Ƙofar Soro, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri, duk a juyi guda.

Na san kai ma kana fama da irin wannan a aikin digirinka, don haka ga shawara. In ka ga alamar &, wato yadda ake rubuta & a XML, ta fito ninki biyu, kada ka ruga ga disable-output-escaping, umarnin da ke hana injin sauya irin waɗannan alamun. Ba dole ba ne kowane injin juyi ya mutunta shi, kuma da zarar an miƙa bishiyar ga wani mataki maimakon a rubuta ta, yawanci ya tashi aiki. Nemi inda aka mayar da bishiya rubutu sau biyu. Ni yanzu ina da ɗan fayil na gwaji mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana, shi nake fara juyawa kafin komai.

Jiya na koma wurin dattijon nan. Ya bi shafin da yatsa layi-layi, ya ce in ƙaro masa na Ƙofar Guga. Zan turo maka dokokin juyin ka duba min sashen tarihin unguwanni, yana ɗan jinkiri. Ka gaida mai ɗaki da yara. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Naka amini.