Zuwa ga aminina, kan saurinka da shirun ma'aikatanka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya baƙunta, ya kuma sabuwar kujera? Allah ya taya ka riƙo.

Na ga kukan da ka yi a wasiƙarka kan mutanen da aka ba ka shugabancinsu: a taro ba sa buɗe baki, in ka nemi ra'ayinsu sai su ce "yadda ka ce, ranka ya daɗe", in ka ba su aiki kuma nawa ta yi musu yawa har sai ka karɓe ka yi da kanka. Ka nemi dabarar zaburar da su. To, mutumina, ka yi haƙuri da ni, abota ce ta ba ni bakin faɗa: ban yarda lalaci ke damunsu ba. Saurinka ne ya rufe musu baki.

Na san ka tun muna aji. Malami bai gama rubuta tambaya a allo ba hannunka yana sama. Mutum yana tsakiyar zance, kai ka riga ka hango inda zai sauka, sai ka ƙarasa masa, kuma yawanci daidai kake ƙarasawa. Wannan baiwar ce ta kai ka inda kake yau. Amma zauna a kujerar ƙaramin ma'aikacin da ya kwana yana tsara abin da zai faɗa. Ya gyara murya, ya fara, bai kai rabi ba oga ya cafe maganar, ya faɗi amsa, har ya nuna inda shawarar za ta ci tuntuɓe. A yi masa haka sau biyu, na uku ba zai ko ɗaga kai daga takardarsa ba. Kai kuwa za ka fito kana ganin ka taƙaita wa kowa wahala.

Abin yana da wuyar ganewa, domin aibi tun mutum yana yaro ake yi masa gori a kansa. Marowaci ya san sunan da ake kiransa da shi, mai zuciya ya sha faɗa. Baiwa kuwa yabo take sha, babu wanda ya taɓa ce maka ka rage ta. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan ya ma fi ɓuya, tunda a idon mai shi ko kamar laifi ba ya yi.

Ko ka taɓa jin labarin Ignaz Semmelweis, likitan nan ɗan ƙasar Hungari? A babban asibitin Vienna ya lura cewa matan da ke haihuwa a ɓangaren likitoci da ɗalibansu sun fi mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa, nesa ba kusa ba, a kan waɗanda ungozomomi ke karɓar haihuwarsu. Ya ƙi barin maganar har sai da ya gano cewa ɗaliban daga ɗakin fiɗar gawa suke zuwa su taɓa masu naƙuda. A 1847 ya tilasta wa kowa wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen da suka kai kusan 18 cikin 100 a watan Afrilu suka sauko wajen 2 cikin 'yan watanni. Naci da taurin kai a kan gaskiya ne suka yi wannan aikin. Su ne kuma suka ci shi. Bai fitar da cikakken bayaninsa a rubuce ba sai 1861, da manyan likitoci suka yi masa musu, sai ya shiga aika musu buɗaɗɗun wasiƙu yana kiransu masu kisan kai. Su ma suna da nasu girman kan, ban wanke su ba. Amma wa ka taɓa gani an kira shi mai kisa a bainar jama'a, ya dawo ya ce gaskiya ka faɗa? Ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali yana da shekara 47, mata kuma suka ci gaba da mutuwa kan abin da ya riga ya san maganinsa.

Haka Henry Ford a Amurka. Nacewa kan mota iri ɗaya mai arha ta sa ya sayar da Model T sama da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, ita ce kuma ta hana shi ganin cewa masu saye sun fara son zaɓi, har kamfanin motoci na General Motors ya ci masa kasuwa, shi Ford ya rufe masana'anta watanni yana shirya sabuwar mota.

Wanda ya fi dacewa da kai dai shi ne labarin Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya yarda da shi. Gwanin Alƙur'ani ne, ya ja wa mutanensa sallar isha'i da Baƙara, wani da ya yini yana aikin ban ruwa ya kasa jurewa, ya ware ya yi tasa shi kaɗai. Da maganar ta je ga Manzon Allah (SAW), Mu'azu aka yi wa faɗa, aka nuna masa gajerun surori, aka tuna masa cewa a bayansa akwai tsoho da mai rauni da mai uzuri. Ka lura ba a ce ya manta Baƙara ba. Waiwaye aka ce ya yi, ya ga su wa ke bin sa.

Saboda haka ba cewa nake ka zama mai nawa ba, ba ma za ka iya ba. A taro na gaba ka zama na ƙarshen magana, ko da amsar tana yi maka ƙaiƙayi a harshe. Shirun farko zai yi tsawo, domin za su ɗauka tarko ka ɗana musu; ka daure. Aikin da ka ba wani kuma ka bar shi ya kai ƙarshe, ko bai kai yadda za ka yi ba, gyaran ya biyo baya. Sannan ka keɓe da wanda ya fi daɗewa a cikinsu. Kada ka tambaye shi laifinka, cewa zai yi babu. Tambaye shi abin da kake yi har ya yi yawa, kuma don Allah ka bar shi ya ƙarasa da bakinsa.

Ka rubuto mini yadda kuka yi. Ka gaida uwargida da yara, ka ce ina yi musu fatan alheri.

Wassalam.

Naka,
Amininka